Na share takardun ɗalibai da mongofiles: ga abin da na gani

Wata takwas ke nan ina kula da wata manhajar rajistar ɗalibai, inda kowa ke ɗora hoton fasfo, takardar haihuwa da rasit ɗin biyan kuɗi. Wanda ya gina ta tun farko ya zuba fayilolin duka cikin MongoDB, wata manhajar rumbun adana bayanai, ta tsarinta na ajiye fayiloli da ake kira GridFS. Da aka kammala ɗaukar ɗalibai, sai aka ce a share takardun waɗanda ba su samu gurbi ba. Wasu iyayen ma da kansu suka nemi a goge na 'ya'yansu, kuma haƙƙinsu ne, domin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum damar neman a goge bayanansa. Manhajar tamu ba ta da wurin dannawa a goge fayil, dole na koma baƙin allo, inda ake rubuta wa kwamfuta umarni da hannu, na ɗauko mongofiles, kayan aikin MongoDB na sarrafa fayilolin da ke GridFS.

Sai ka san yadda GridFS ke ajiya kafin ka gane amfanin wannan kayan aiki. MongoDB ba ya karɓar bayani guda da ya wuce megabait 16, saboda haka GridFS yakan yayyanka fayil gunduwa-gunduwa, kowace kilobait 255, ya jibge su a fs.chunks. Sunan fayil ɗin da girmansa da ranar da aka ɗora shi kuma suna can daban a fs.files. Hoton megabait 2 yakan zama gunduwa takwas ko tara. In ka shiga da mongosh, manhajar da ake ba MongoDB umarni kai tsaye da ita, ka goge layin da ke fs.files kaɗai, kamar ka yage shafi ne daga littafin sito alhali kayan na nan jibge a ɗaki. Ido ba ya ganin fayil ɗin, amma takardar haihuwar yaron mutane tana nan kwance. Abin da ya fi burge ni da mongofiles ke nan: umarni ɗaya yake kwashe ɓangarorin biyu, ba ya barin marayun gunduwoyi a baya.

Saka shi ba wuya. Tun fitowar MongoDB 4.4 a 2020 aka raba shi da ainihin sabar, yana zuwa ne cikin kunshin Database Tools tare da mongodump mai ɗaukar kwafin bayanai da mongorestore mai mayar da su. Umarninsa ba su da yawa, a zama ɗaya na haddace: list ya jero, search ya nemo, get ya sauke, delete ya goge.

A kan delete ɗin nan nake so a tsaya. GridFS bai hana fayiloli biyu su ɗauki suna ɗaya ba, kuma idan ka ce a goge da suna, duk mai wannan sunan zai tafi. Ba ya tambayarka ko ka tabbata, babu kuma kwandon shara da za ka koma ka tsamo abin da ka jefa. Yanzu tuna yadda ɗalibanmu ke rajista: yawanci a shagon kwamfuta ake cike musu, mai shagon kuwa kowane hoto passport.jpg yake sa masa. Allah ya taimake ni na fara gwaji a kan kwafin da na ɗauka da mongodump na zuba a kwamfutata. Na goge passport.jpg guda ɗaya a nufina, da na sake jerowa sai na ga babu ko ɗaya mai wannan suna, har da na waɗanda suka samu gurbi. Haka aka rubuta a littafin bayaninsa, ba ɓoyewa aka yi ba, amma sai da na gani da idona jikina ya yi sanyi.

Daga nan na koma delete_id, wanda ke gogewa da lambar shaidar fayil, lambar da ba ta taɓa zama ta fayil biyu. A nan aikin ya ɗan yi nauyi, domin list suna da girma kawai yake nunawa. Sai na ciro lambobin ta mongosh, na zuba su a fayil guda, na rubuta ɗan gajeren umarni mai bin su ɗaya bayan ɗaya. Kowane kira sai ya sake haɗuwa da sabar, don haka ga mai dubban fayiloli abin zai ja lokaci. Gara ya rubuta shirinsa da Python. Ga 'yan ɗaruruwa irin nawa, ya wadatar, kuma zan sake amfani da shi.

Kada ka firgita in ka gama ka ga faifan sabar bai ragu ba. Injin ajiyar WiredTiger yakan riƙe gurbin don sabbin bayanai, sai an yi compact, wato umarnin matse ajiya, ake sa ran ya saki wani abu.

Sai da na zo rufe aiki na tuna da kwafin da na yi gwaji da shi. Takardun da iyaye suka ce a goge suna ciki cif, a kwamfutar da nake yawo da ita cikin jaka. Na goge shi a daren, washegari kuma na zauna da shugaban makarantar muka tsayar da ranar da tsofaffin kwafin ajiya za su bi sahu.