Jakar kayan share tsofaffin kaset ɗin gem: rabinta na da amfani, rabinta ɓarna ce

Irin jakar nan ce da ake haɗawa a sayar wa masu tara tsofaffin kaset ɗin wasan bidiyo, ba ta ɗauke da sunan wani kamfani. A cikinta akwai sukundireba uku, ƙaramar kwalbar sifirit, tsinken auduga, tsinke mai kan soso, farin magogi irin na fensir, alƙalami mai bakin zaren gilashi, gwangwanin man goge ƙarfe, katin share bakin injin wasa, da batira guda biyar masu kunnen ƙarfe. Na gwada ta a kan kaset ɗin NES, Super Nintendo, Mega Drive, Nintendo 64, Game Boy da Game Boy Advance. Sukundirebobin da tsinken soson sun biya buƙata. Abu biyu daga cikin kayan kuwa, man goge ƙarfen da alƙalamin zaren gilashin, bai kamata su kusanci lafiyayyen kaset ba, kuma abin takaici su ne takardar bayanin da ke cikin jakar ta fi kururutawa.

Sai an san abin da ake gogewa kafin a gane dalili. A ƙasan kowane kaset, bakin allon lantarkin da ke ciki ne ya leƙo, an jera masa haƙora. Na NES 72 ne, na Famicom (wato NES ɗin Japan) 60, na Mega Drive 64, na Nintendo 64 kuma 50, na Game Boy 32. Kowane haƙori jan ƙarfe ne aka lulluɓe da nikel, sannan aka shafa masa zinari a sama, siriri ƙwarai, ko kusa bai kai kaurin gashi ba. Zinari ba ya tsatsa, shi ya sa aka sa shi. Saboda haka baƙin da ake gani a haƙoran kaset galibi ba tsatsa ba ce, dauɗa ce da ta zauna a kan zinarin: ƙura, maiƙon hannu, hayaƙi, da ragowar yawun waɗanda suka shekara suna hura kaset da baki. Wannan dauɗar narkar da ita ake yi a ɗauke. Duk abin da zai kankare ta, tare da zinarin yake tafiya, kuma zinarin ba ya dawowa.

Sukundirebobin su ne dalilin sayen jakar. Biyu irin waɗanda ake kira gembit ne, masu rami a baki da ke hawa kan sukuru mai tsaga shida. Mai milimita 3.8 yana buɗe kaset ɗin Super Nintendo, Nintendo 64, Game Boy da yawancin na NES. Mai milimita 4.5 na kaset ɗin Mega Drive ne, da jikin injin Super Nintendo da na Nintendo 64. Na ukun mai fukafuki uku ne, na sukuru ɗaya tilo da ke bayan kaset ɗin Game Boy Advance. Bakinsu ya zauna daram, ba ya wasa, kuma jikin mai 3.8 ɗin siriri ne har ya kai ƙasan ramin kaset ɗin NES. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don akwai masu kaurin wuya da ke maƙalewa a rabin hanya su cinye robar gefen ramin. Abin da babu shi ne ƙaramin sukundireba mai faɗin baki, alhali kaset ɗin NES na farko-farko sukuru biyar ne da su masu tsaga ɗaya, kafin a koma uku. Haka nan babu mai bakin kuros, wanda sai da shi ake cire garkuwar ƙarfen da ke rufe allon kaset ɗin Nintendo 64.

Wajen mayar da sukuru ne mutane ke fasa kaset. Ramin roba ne, robar kuma ta kwashe shekaru da yawa, ta bushe. A fara juya sukurun baya a hankali har a ji ya yi ɗan "ƙas" ya faɗa tsohon zarensa, sannan a ɗaure, a tsaya da zarar ya taɓa. In aka danna shi kai-tsaye sai ya yanka sabon zare, ƙafar robar ta tsage. Kaset ɗin Famicom kuwa yawancinsu ba su da sukuru ko ɗaya, ƙugiyoyin roba ne suka riƙe su daga ciki. Idan ba batir za a canza ba, a bar su a rufe a share su daga waje, don ƙugiya ɗaya ta karye, kaset ya dinga hamma ke nan.

Kwalbar sifirit ɗin ita ce abin takaici na farko. Aisofirofil ne, daidai abin da ake so, amma mai kashi 70 cikin 100. Ragowar kashi 30 ɗin ruwa ne, kuma ruwa shi ne abin da ake gudu. Yana daɗewa bai bushe ba, yana shigewa ƙarƙashin ƙafafun guntayen da ke kan allo, ya bar farin tabo. A nemi mai kashi 99, ko aƙalla 91. Wannan cikin minti ɗaya ko biyu ya tashi. Wanda dole ta sa shi amfani da mai 70 ya bar allon a buɗe kamar minti 15 kafin ya rufe. A bayan kaset ɗin NES akwai gargaɗin kada a goge shi da sifirit ko tina. Game da lebul da robar jiki gargaɗin gaskiya ne. Amma a kan haƙoran allo, aisofirofil shi ne abin da masu gyaran kayan lantarki ke amfani da shi kullum.

Yadda aikin yake: a fito da allon, a riƙe shi ta gefe-gefe. A jiƙa tsinke, a matse shi a jikin murfin kwalba har ya daina ɗiga. A goga bisa tsawon haƙori, sama da ƙasa, yadda kaset ke shiga inji. Gogen farko kan tsinken zai fito baƙi wuluk, na biyu ruwan toka, na uku ɗan ɗorawa-ɗorawa. Ana canza tsinke har ya fito fari, sannan a bi da busasshe, a juya ɗaya fuskar. Kaset mai matsakaiciyar dauɗa kan ci tsinke huɗu zuwa shida. A nan tsinken soson ya nuna kansa. Auduga tana barin zare, kuma zare ɗaya da ya kwanta a kan haƙori ya isa ya hana wasa tashi, ko ya cika hoton da zane-zane. Soso ba ya barin komai, kuma bakinsa mai faɗi ne, yana shiga bakin kaset ɗin da ba a buɗe ba. Ba a mayar da tsinke mai datti cikin kwalba, a zuba kaɗan a murfi.

Farin magogin na da wurinsa, amma sai kaset na buɗe. Akwai wata dauɗa mai ƙyalli kamar busasshen ƙaro da sifirit ke zamewa a kanta. Magogi sau biyar ko shida a hankali yana ɗaga ta. A kwantar da allon a kan tebur kafin a danna, kada ya lanƙwashe, musamman na Game Boy da yake siriri. Daga nan a kakkaɓe garin, a sake bi da sifirit, don magogi na barin nasa maiƙon. Magogi mai launi biyu, wanda ɓangarensa mai kaushi na goge biro ne, yashi ne a cikinsa, kada a yi kuskurensa.

Yanzu ga ɓarnar. Takardar bayanin cewa ta yi a shafa man goge ƙarfe a haƙoran "har su yi sheƙi". Na gwada shi a kan allon wani mataccen kaset don a ga abin da yake yi. Bayan ɗan gogawa haƙoran suka yi ƙyalli kamar sababbi, tsumman ya yi baƙi, mutum sai ya ɗauka dauɗa ce ta fita. A ƙarƙashin gilashin ƙara girma kuwa, tsakiyar kowane haƙori ya tashi daga ruwan zinari ya koma fari-fari kamar azurfa. Nikel ne ya bayyana, baƙin da ke tsumman kuma ƙarfen ne da kansa. Man yana ɗauke da garin da ke kankare ƙarfe, wasu kuma da amoniya, sannan yana barin ragowa a tsakanin haƙora, ragowar ta bi kaset ta shiga bakin inji ta shafi duk kaset ɗin da zai biyo baya. Kaset ɗin zai yi aiki ranar, shi ya sa mutane ke rantsuwa da man. Amma an cire masa rigarsa, daga nan sai ya riƙa dushewa da wuri, ana sake gogewa ana ƙara cinye shi, har a kai ga jan ƙarfen da ke yin kore.

Alƙalamin zaren gilashin ya fi man ƙarfi. Wuri ɗaya kawai yake da amfani: haƙorin da ya riga ya yi koren tsatsa mai tudu, inda zinarin ya daɗe da tafiya, ba abin da ya rage a ceta. Ko a nan a taɓa wannan haƙorin kaɗai, a jiƙa wurin da sifirit don garin kada ya tashi, a sa safar hannu, saboda ɓurɓushin gilashin na shiga fata ya yi ƙaiƙayi, ya shiga ido kuma magana ta zama babba. Sanya shi a jakar da aka yi wa masu koyo ganganci ne.

Batiran CR2032 ne, masu kunnen ƙarfe da aka manna tun daga masana'anta. Lambar da kanta ma'auni ce: faɗi milimita 20, kauri 3.2. Su ne daidai ga kaset ɗin NES, Super Nintendo da Mega Drive masu ajiye wasa, wato riƙe inda mai wasa ya tsaya, kuma duk biyar ɗin mita ta nuna sun ɗan haura volt 3, yadda sabo ya kamata. Sai dai ba a sa na Game Boy ko ɗaya ba, inda ake buƙatar CR1616 ko CR2025, alhali su ne suka fi mutuwa. Pokémon Gold da Silver, alal misali, agogo ne ke gudana a cikinsu dare da rana yana shan batir, shi ya sa nasu ya riga na sauran ƙarewa. A Pokémon Ruby da Sapphire na Game Boy Advance kuwa batirin agogon kawai yake riƙewa, ajiyar ba ta dogara da shi ba. A kaset mai ajiya a kan batir, da zarar an cire tsohon, ajiyar ta tafi, sai in an kwafe ta tukuna da na'urar kwafar kaset. Takardar ba ta faɗi wannan ba ko da kalma ɗaya.

Wajen canzawa, a auna tsohon tun yana kan allo. Ƙasa da volt 2.5 ya kama hanyar mutuwa. A duba alamar ƙari da ragi a kan allon, a ɗauki hoto kafin a taɓa komai. Ayon narkar da dalma ya kai zafin digiri 320 zuwa 350 na Salshiyas, a shafa ɗan fuloks, wato man da ke sa dalma ta kama, a ƙara sabuwar dalma kan tsohuwar don ta narke da sauri, a ɗaga kunne ɗaya bayan ɗaya. Daƙiƙa uku zuwa huɗu a kowane kunne sun isa. Daɗewa ko fizga na ɓantaro faifan jan ƙarfen daga allon. Kada a ɗora ayon a jikin batir marar kunne, zafi na iya fasa shi. Manna batir da salatif kuma yaudara ce: kaset ya ɗan bugu, haɗin ya yanke na ƙiftawar ido, ajiya ta goge.

Katin share bakin inji ya yi aikinsa, ba yabo ba fallasa. A ɗiga masa sifirit, a cire wutar injin, a soka a zare sau goma, a jira ya bushe. Wannan matakin ba na tsallakewa ba ne, don tsabtataccen kaset a cikin dattin inji aikin banza ne. A injin NES mai ƙofa a gaba, wanda ya fito a Amurka a 1985, fitilar nan da ke ƙyaftawa kusan sau ɗaya a daƙiƙa tana nufin guntun tsaro na injin, mai suna 10NES, bai ji amsar ɗan'uwansa da ke cikin kaset ba, sai ya dinga sake tayar da injin. Sau da yawa laifin na mahaɗin injin mai haƙora 72 ne da ya saki saboda yawan danna kaset ƙasa. Kati ba ya gyara wannan. Sai an buɗe an ɗaɗɗaga haƙoran ko an canza mahaɗin. Hura kaset da baki kuma bai taɓa gyara komai ba, cirewa da sake sakawa ne ke sa haƙoran su sami sabon zama, hucin kuwa danshi yake bari.

Jikin kaset jakar ba ta tanadar masa komai ba. Bayan an cire allon, tsumma mai ɗan laima da ɗigon sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori sun isa ga tsagogin robar. Lebul busasshen tsumma kawai yake so, sifirit na kwashe masa launi nan take, musamman ta gefen da ledar samansa ta ɗago. Rubutun maka a kan roba yana fita da sifirit da haƙuri. Asiton, wato ruwan cire jan farce, narkar da robar yake. Farin soson melamin yana share rubutun amma ya bar wurin sumul yana ƙyalli, ya bambanta da sauran jikin. Wajen ajiya, a rufe bakin kaset da rigarsa ko a sa shi a akwati, nesa da rana, da ƙunshin silika mai tsotse danshi biyu ko uku a ciki, danshin ɗaki kamar kashi 40 zuwa 50 cikin 100.

Wanda ba shi da sukundireban gembit ya sayi jakar, ya ƙara da kwalbar aisofirofil mai kashi 99, ƙananan sukundireba mai faɗin baki da mai kuros, da batiran CR1616 da CR2025. Wanda yake da su tuni, fakitin tsinken soso kaɗai zai nema. Man gogen kuma a kai shi inda ake goge marfin ƙofa.