TechCabal a idon mai karatu daga Nima

Matasan zango da ke gyaran waya da sayar da kayanta a Circle, cikin birnin Accra na Ghana, sukan tambaye ni inda mutum zai riƙa samun labarin fasaha da zai iya dogara da shi, maimakon saƙonnin da ake ta turawa a WhatsApp ba a san tushensu ba. Sunan da nake fara ba su shi ne TechCabal, shafin intanet na labaran fasaha, amma ba na ba da shi ba tare da sharaɗi ba.

An kafa shafin a Legas a shekarar 2013, yana ƙarƙashin kamfanin Big Cabal Media, kuma da Turanci ake rubuta shi. Abin da ya raba shi da manyan shafukan Amurka irin su The Verge, wanda aka buɗe a 2011, shi ne inda ya sa ido. The Verge gwani ne wajen sharhi a kan sabuwar iPhone ko rigimar manyan kamfanoni da hukumomin Amurka, sai dai hajiyar da ke da shago a unguwar Mamobi, wadda cinikinta ya rataya a kan MoMo, wato tura kuɗi da karɓa ta waya, ba wannan ne ke hana ta barci ba. Abin da ya taɓa aljihunta shi ne harajin E-Levy na tura kuɗi ta waya da banki, wanda aka fara cirewa a watan Mayun 2022 a kan kashi 1.5 cikin ɗari, aka rage shi zuwa kashi 1 a farkon 2023, daga bisani aka soke shi a 2025. Haka nan komawar Vodafone Ghana hannun Telecel, da shigowar Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan adam, ƙasar nan a 2024. Labaran da suka shafi kuɗin waya, lasisi, bankunan ƙasa da kamfanonin sadarwa na Afirka su ne sana'ar TechCabal, kuma a nan ne ya fi ƙarfi.

Ranar 14 ga Maris, 2024 ta isa ma'aunin kowane shafi. A ranar ne manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, wato WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka lalace a yankin gaɓar Kwaddibuwa, intanet ta yi rauni daga Accra har Kumasi, harkar banki da tura kuɗi ta shiga wani hali. Kowa ya san cewa sabis ya ɗauke, don haka shafin da ya tsaya a faɗin hakan bai ƙara wa kowa komai ba. Mai karatu yana bukatar ya ji waɗanne wayoyi ne suka lalace, me ya sa kamfanoni da yawa suka faɗa matsala lokaci guda, da kuma dalilin da ya sa gyaran zai ɗauki makonni, tunda sai jirgin ruwa na musamman ya zo ya ɗago wayar daga ƙasan teku. TechCabal yana cikin shafukan da ke bin labari har zuwa wannan matakin, kuma da wannan nake yi masa shaida.

Yana da wasiƙar safe mai suna TC Daily da ake aikawa ta imel, wadda ke taƙaita labaran ranar. Ga wanda ke lissafin data kafin ya buɗe shafi, wannan sauƙi ne babba. Barkwancin da suke sakawa na 'yan Legas ne, wani lokaci yakan yi mini yawa, amma ba ya ɓata labarin.

Sharaɗin da na ambata shi ne, shafin ya fi karkata ga Najeriya da Kenya da Afirka ta Kudu, Ghana kuwa takan shigo ne idan babban abu ya faru. Sannan wani kaso mai yawa na labaransa a kan sabbin kamfanoni ne da jarin dalolin da suka samu, abin da ya fi amfanar masu zuba jari da masu neman aiki a fannin fiye da mai teburin waya a kasuwar Tiptoe Lane da ke Circle. Saboda haka duk abin da ya shafi rajistar layi da katin shaidar ɗan ƙasa, wato Ghana Card, ko sabuwar dokar sadarwa, gara mutum ya duba sanarwar hukumar sadarwa ta ƙasa, wato NCA, da ta Bankin Ghana, ya haɗa da shafukan labaran Ghana irin su Citi Newsroom ko MyJoyOnline. Akwai kuma rubuce-rubucen da kamfanoni ke biya a wallafa, kamar yadda ake yi a yawancin shafuka irinsa, don haka a riƙa duba alamar talla kafin a ɗauki yabo a matsayin labari.

Wanda yake son sanin ƙarfin batir ko girman ma'adanar wata Tecno ko Infinix kafin ya biya, ba nan ne wurinsa ba. Shafin GSMArena, wanda ke aiki tun shekarar 2000, shi ne ke jera bayanan kowace waya dalla-dalla, har ya ba ka damar ajiye biyu gefe da gefe ka kwatanta, ko da yake farashin da yake nunawa ba da sidi, kuɗin Ghana, ba ne, kuma bai san kuɗin fito ba.

Abin da ya fi damuna shi ne harshe. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan shafuka da ke rubutu da Hausa, kuma BBC Hausa da DW Hausa, duk da ƙoƙarinsu, sukan taɓo fasaha ne a cikin sauran labarai. Google Translate yana juya shafin TechCabal zuwa Hausa, ana kuma gane inda labarin ya dosa, amma da zarar an shiga batun haraji ko sharuɗɗan lasisi sai fassarar ta rikice, dole iyayenmu masu harkar MoMo su nemi yaro mai Turanci ya karanta musu asalin rubutun.