Ƙarin garantin na'urar gem: abin da na gani a Ingila

Ƙanina, ina fata kana lafiya, da su Inna da yara duka. Na ga saƙonka kan PlayStation 5 ɗin da kake so in saya maka saboda shagon gem ɗinka, da kuma batun ƙarin garantin da ka ji ana sayarwa a nan. Na'urar zan saya in sha Allahu. Ƙarin garantin ne ban yarda a sa kuɗinka a ciki ba, kuma gara in yi maka bayani dalla-dalla don kada ka ɗauka rowa ce.

A manyan shaguna irin su Currys da Argos, kana zuwa wurin biya za a tambaye ka ko kana son kariya ta shekara biyu ko uku. Wani a biya lokaci guda, wani a riƙa cira daga asusunka duk wata. Abin da ba a cika tuna wa mai saye ba shi ne, tun bai ƙara ko sisi ba yana da kariya iri biyu. Sony, mai ƙera PlayStation, da kanta tana ba da garantin shekara ɗaya. Sannan ga dokar haƙƙin masu saye ta 2015, wadda ta ɗora nauyin a kan mai shago, ba kamfanin da ya ƙera ba. Idan kaya ya nuna matsala cikin kwana 30 na farko, ka mayar a ba ka kuɗinka cif. Cikin wata shida kuwa, doka na ɗauka da lahaninsa ya zo, sai dai in mai shago ya iya tabbatar da akasin haka, don haka dole ya gyara ko ya canza. Bayan nan ma kana da damar neman haƙƙinka har shekara shida a Ingila da Wales, biyar a Scotland, amma a nan kai za ka nuna cewa lahanin na asali ne. Ka ga ke nan wani ɓangare na abin da ake sayar maka, dama naka ne.

Wannan ya burge ni ƙwarai, don ka san yadda muke a gida: a gwada maka a gabanka, ka biya, a rubuta a rasit cewa ba a dawo da kaya. In ka samu sassauci, to sanayya ce da mutuncin mai shago. Amma akwai inda muka fi su nesa ba kusa ba, wato gyara. A Kano yaro zai kwance na'ura a gabanka, ya canza abin da ya ƙone, ka koma da ita ranar. A nan kuɗin aikin hannu yana da tsada, har mutum kan ga gara ya sayi sabuwa. Tsoron wannan tsadar ce ke sa mutane sayen ƙarin garanti.

Kuma idan lahani ya zama na kowa da kowa, kamfanonin kan ɗauki nauyi da kansu. A 2007, da na'urorin Xbox 360 suka yi ta mutuwa suna nuna jar wuta uku, Microsoft ta mayar da garantin wannan matsalar shekara uku, abin da ya ci mata sama da dala biliyan ɗaya. A 2023 Nintendo ta amince ta riƙa gyara 'yan fad (abin da ake riƙewa a buga gem) na na'urarta Switch masu motsi da kansu kyauta a Birtaniya da Turai, ko da garanti ya ƙare.

Ban ce ba shi da amfani sam ba. Garantin kamfani ba ruwansa da faɗuwa ko zubar shayi, wasu tsare-tsaren shagunan kuma suna biyan irin wannan. Mai ƙananan yara da Switch a hannu, wadda ake yawo da ita daga falo zuwa mota, zai iya cin riba idan ya karanta takardar da kyau. Wanda aka matsa wa ya saya kuma, in garantin ya wuce na shekara guda, doka ta ba shi kwana 45 ya fasa a mayar masa da kuɗinsa, muddin bai nemi gyara ba.

Kai kuwa lamarinka daban ne. An tsara waɗannan abubuwa ne don na'urar da ke zaune a gida a nan ƙasar. Taka za ta tafi Kano, kuma haya za a riƙa yi da ita daga safe har dare, alhali garantin Sony bai shafi na'urar da ake kasuwanci da ita ba. Ko da ma sun yarda, wa zai ɗauko ta ya kawo Ingila, ya jira gyara, ya mayar? Abubuwan da za su kashe ta a wurinka su ne wutar NEPA mai zuwa da ƙarfi ba sallama, da canji tsakaninta da janareta, da ƙurar hunturu mai toshe fanka har na'ura ta yi zafi, da kuma hannun yara a kan fad. Babu takardar da zan sa wa hannu a nan da za ta tare maka ko ɗaya.

Don haka kuɗin da zan ba su, fad na biyu zan ƙara maka da shi, tunda shi ne ke fara gajiya. Kai kuma ka nemi sitabilaiza mai kyau kafin ta iso, ka ɗora ta a kan tebur inda iska ke ratsawa, ka riƙa share ƙura daga ramukanta. Filoginsu mai baki uku ne irin namu, ƙarfin wutar ma kusan ɗaya, ba sai ka sayi wani abin canji ba. Zan gwada ta sosai a nan cikin kwana 30 ɗin kafin in ba mai tafiya. Ka sanar da ni ko mai cin faifai kake so ko marar ci. Ni dai mai faifan nake ba ka shawara, saboda tsadar data da kuma sauƙin samun faifan hannu a kasuwa.