Jel ko litiyam: wane batir ke jure zafin Yamai?

Malam, kai da ka tambaya tsakanin batirin jel da na litiyam don fanka biyu, firigo da tele a gidanka na Bukoki: sayi litiyam, irin wanda aka rubuta LiFePO4 a jikinsa. In kuɗin bai cika ba, ka daure har ya cika. Duka biyun sun zauna a gidana, don haka ba jita-jita nake ba ka ba.

Mu fara da lissafi, tunda a nan ake ruɗa mutane. Mai shago zai nuna maka jel biyu masu 200Ah (Ah ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka ne), ya nuna maka litiyam ɗaya mai 100Ah, ya ce dubi bambanci. A takarda gaskiyarsa: jel biyu na 12V in an haɗa su 24V suna riƙe 4,800Wh (Wh ɗaya shi ne cin wat ɗaya na tsawon awa ɗaya). Amma jel batirin dalma ne, in kana son ya yi kwana, rabin cikinsa kawai za ka riƙa sha, wato 2,400Wh. Shi kuwa litiyam mai 25.6V da 100Ah yana riƙe 2,560Wh, kuma kana iya jan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari kullum ba tare da ka cuce shi ba. Ka ga sun kusa zuwa ɗaya. Kayanka kuma, fanka biyu masu cin wat 60 kowace in suka yi awa takwas suna juyi sun ci kusan 1,000Wh, sauran na firigo ne da tele da ƙwayaye. Litiyam ɗin zai kai ka asuba in ba a yi ta buɗe firigo ba gaira ba dalili. Nauyi ma ba a haɗa su: jel biyun nan sun kai kilo 120, litiyam ɗin bai wuce ashirin da ɗoriya ba, mutum ɗaya ke ɗora shi a bayan moto.

Babban abin da ke kashe jel a garin nan zafi ne. Duk shekarun da kamfani ya rubuta a kwali, a ma'aunin zafi 25 ya auna su. Ƙa'idar batirin dalma kuwa sananniya ce: duk ƙarin zafi na kusan digiri 10, ransa ya ragu da rabi. To ka tuna Afrilu da Mayu a Yamai, lokacin da waje ke haura 40, ɗakin kwano kuwa sai wanda ya shiga. Na biyu, jel na son a cika shi taf kullum, kuma ƙarshen cikar tasa a hankali take, awoyi take ci. In kuran ya zo na ɗan lokaci ya tafi, ko hazon hunturu ya rufe rana, sai batirin ya yi ta kwana da rabin ciki, gishirin nan mai tauri ya kama farantan dalmar, daga nan ba ya sake komawa yadda yake. Litiyam bai damu da kwana da rabin ciki ba, kuma yana shan caji da sauri: mai 100Ah na iya karɓar amfiya 50, cikin awa biyu da ɗan abu ya cika.

Nawa na saye shi ne bayan Najeriya ta yanke mana layin wuta a watan Agustan 2023, lokacin takunkumin CEDEAO. Kowa ya san yadda garin ya kasance, tunda a lokacin yawancin kuran ɗinmu ta layin Birnin Kebbi yake shigowa. Inda ya shiga raina shi ne azumin 2024, wanda ya faɗo a Maris da Afrilu. Inna ta zo daga Tawa ganin likita ta zauna wurinmu, ga ciwon suga, allurarta kuma sai a sanyi. Tsohuwar da ba ta yarda da duk wani abin da ke da waya a jikinsa ba, ita ce ta koma in an ɗauke wuta sai ta ɗaga kai ta dubi fanka, ta ga tana nan tana juyi, ta ce Allah ya yi wa akwatin nan albarka. Kafin azumi ya yi nisa, ƴaƴan maƙwabta sun gano gidan: da la'asar sai ka gan su a ƙofa da gorunan ruwa da lemun haɗi, kowa da ɗan zaren da ya ɗaura wa tasa don kada a musanya. Uwargida ta ware musu ɓangare guda a firigo. Har yau batirin na nan, ban taɓa shi ba sai share ƙura.

Jel kuwa, wanda na fara da shi, bazara biyu ya gani ya kumbura. Abin da zan faɗa masa na alheri: yana da sauƙin kuɗi ranar saye, kowane mai gyara ya san shi, kuma in ya mutu masu sayen dalma za su ba ka ɗan wani abu. In ƙwan fitila uku da cajin waya ne kawai buƙatar mutum, ya isa. Kai kuwa akwai firigo a lissafinka.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa, don kasuwar batir ta cika da ƴan damfara tun da kowa ya koma sola. Takardar da ke manne a jiki ba shaida ba ce, a nan garin ake buga ta. Ka sa a ɗora batirin a sikeli a gabanka. Jel na gaskiya mai 200Ah yana tsakanin kilo 55 da 65. In ka ga arba'in, ƙarami ne aka sa wa babbar riga. Litiyam mai 12.8V da 100Ah yana wajen kilo goma. Sai ka dubi lambar bolt ɗin: LiFePO4 na gaskiya 12.8, 25.6 ko 51.2 ake rubutawa, saboda kowane ɗan batir na cikinsa 3.2 ne. In ka ga 11.1 ko 14.8, wani irin litiyam ne daban, sau da yawa ma tsofaffin baturan kwamfuta ne aka tattara aka lulluɓe da roba. Irin waɗannan su ne ke kama wuta, kada ka shigar da su ɗakin da yara ke kwana ko da kyauta aka ba ka.

Ka nemi mai BMS, wato ƴar na'urar da ke ciki tana yanke wuta in caji ya yi yawa, ko ya yi ƙasa, ko batirin ya yi zafi. Mafi kyau wanda ke haɗuwa da waya ta Bluetooth, don zai nuna maka sau nawa aka taɓa cika shi aka sauke. Sabo ba zai nuna maka ɗaruruwa ba. Kamfanoni na rubuta caji 3,000 zuwa 6,000, amma ni takardar garanti mai hatimin shago da lambar batirin na fi yarda da ita. Ka kuma yi sharaɗi da mai shago tun kafin ka ƙirga masa jikkunanka: za ka cika shi, ka ɗora masa kayan da ka san cinsu, ka duba agogo. Wat 250 a kan 2,560Wh ya kamata ya ba ka awa takwas ko fiye. In ya mutu a awa huɗu, a mayar. Wanda ya ƙi wannan sharaɗi, gaishe shi ka wuce shago na gaba.

Wajen haɗawa, tunda na ga kana son yi da hannunka. Duba inbatarka (na'urar da ke mai da wutar batir irin ta gida) ko regilatarka (mai daidaita cajin sola) tana da wurin zaɓen litiyam, ko wurin da mutum ke sa lambobinsa da kansa. Na 24V ana tsayar da cajinsa wajen 28.4 zuwa 28.8, kuma a kashe cajin nan mai ƙarfi da ake yi wa batirin ruwa lokaci-lokaci. Kada ka haɗa sabon litiyam da tsohon jel a layi ɗaya wai don a ƙara ƙarfi. Waya tsakanin batir da inbata ta zama gajera mai kauri: kayan wat 1,500 a 24V suna jan amfiya kusan 70, saboda haka 25mm² za ka nema. In ka je Katako, ka kankare bakin wayar da wuƙa. In cikin ya fito fari, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, ajiye ta. Ka sa fiyus na DC dab da kan batir mai alamar +. Cire zobe da agogo kafin ka fara, ka naɗe hannun sifana da salatif, don in ta haɗa kawunan biyu ƙarfe narkewa yake yi.

Shi ma litiyam ba ya son zafi, ya dai fi jurewa ne. Kada ka kai shi garejin kwano ko jikin bangon da rana ke duka da yamma. Nemo masa lungu mai iska a cikin gida, a ɗaga shi daga ƙasa saboda ruwan damina.

Abu ɗaya ne ban yarda ka yi da kanka ba: haɗa inbata da wayoyin gida. Wannan sai da makunnin sauya layi, wanda ke raba gidanka da layin NIGELEC in kana kan batir, in ba haka ba wutarka ta 220V za ta koma kan falwaya ta sami ma'aikacin da ya hau gyara yana zaton layin a mace yake. Kira mai aikin kuran da ya san aikinsa, ka biya shi, ka tsaya a kansa har ya gwada makunnin a gabanka.