Sharhi: ƙaramin akwatin fentin ruwa a titunan Istanbul

Kayan zanen tafiya da ake sayarwa a haɗe, irin waɗanda na yi aiki da su a Istanbul, abu huɗu ne cikin jaka guda. Akwai akwatin fentin ruwa mai busassun kala 12 wanda bai fi tafin hannu ba, da burushi mai tankin ruwa a ƙotarsa, da littafin zane mai girman A5 wanda takardarsa ke da nauyin giram 200 a kowace murabba'in mita, sai alƙalami mai baki milimita 0.3 wanda tawadarsa ba ta narkewa a ruwa. Masu sayarwa kan ce da wannan kaɗai mai zane zai shiga kowane birni ya fito da littafi cike. Rabin maganar ce gaskiya. Akwatin da alƙalamin sun ci kuɗinsu, burushin na ɗan taimako ne, littafin kuwa bai dace da garin da ke bakin teku ba.

Launin Istanbul ne ya sa ta zama wurin gwaji mai tsanani. Wanda ya saba ganinta a hoton waya zai ɗauka gari ne mai kaloli barkatai, amma in ka tsaya a kan gadar Galata ka fuskanci tudun tsohon gari, kusan duk abin da ido zai kama ruwan toka ne. Ƙubbobin masallatai an lulluɓe su da dalma, bangonsu farin dutse ne da shekaru suka dusashe, ruwan Halich, wato reshen tekun da gadar ta ratsa, da sararin sama kuma kan haɗe su zama launi guda in hazo ya sauka. Ja ɗigo-ɗigo yake zuwa, a tutar ƙasar, a jan rufin gidaje, a amalanken masu sayar da burodin simit. Akwatin da ba zai ba ka toka iri uku ko huɗu ba, ba shi da aiki a nan, komai yawan kalolinsa.

Ta wannan fuskar akwatin ya burge ni. Kala biyu ne ke ɗauke da nauyin aikin, shuɗi mai zurfi wanda lambar sinadarinsa PB29, da ruwan ƙasa mai jaja-jaja mai lamba PBr7. Kashi biyu na shuɗin da kashi ɗaya na ruwan ƙasan, a tsinka su da ruwa sosai, shi ne launin dalma a gefen da rana ta haska. In aka daidaita su kashi ɗaya-ɗaya aka rage ruwa, sai a samu tokar gefen inuwa. Wani alherin kuma, ƙwayoyin wannan shuɗin masu nauyi ne, sukan kwanta a ramukan takarda su bar ɗan burɗi-burɗi, wanda ya yi kama da fuskar dalmar da ta sha ruwan sama. Bangon dutse kuwa rawayar ƙasa ce, PY43, a shafa ta ruwa-ruwa, a ɗiga mata kaɗan daga tokar nan tun ba ta bushe ba. Farin fentin da ke cikin akwatin a ƙyale shi, yana kashe hasken kala ya mai da ita kamar alli. Farin jirgin fito da na tsuntsayen teku, takardar ake bari ba a taɓa ba.

Inda fentin ya gaza shi ne wajen duhu. Na ɗalibai ne, sinadarin kalarsa bai kai na ƙwararru yawa ba, don haka inuwar ƙarƙashin bakan gini ko ta cikin ƙofar masallaci ba ta kamawa a shafi ɗaya. Abin yi shi ne a ɗiga ruwa ɗigo guda a kan kowace kala minti biyu kafin a fara aiki, ta jiƙa ta yi laushi, sannan a ɗebo ta da kauri. Shuɗin nan kuma shi ke fara ƙarewa, tun sauran kalolin suna nan kamar ba a taɓa su ba. A riƙe bututunsa guda daban, a matsa a gurbin rabi-rabi, a bar kowane rabi ya kwana ya bushe kafin a ƙara.

Masallacin Sulaimaniyya ne ginin da zan ce kowane mai zane ya fara da shi. Babban magini Mimar Sinan ya gina shi don Sarkin Turkawa Sulaiman tsakanin 1550 da 1557, babbar ƙubbarsa ta kai mita 53 daga ƙasa, kuma tsarinsa a fili yake, ido na iya bin sa daga sama har ƙasa ba tare da ya rikice ba. Rabin ƙubba biyu ke tallafe da babbar, ɗaya ta alƙibla ɗaya ta bayanta, sauran gefe biyun kuwa manyan bakuna ne cike da tagogi. Masallacin Sultan Ahmed, wanda aka fara a 1609, rabin ƙubba huɗu gare shi da hasumiya shida, shi ya sa sabon hannu kan ɓace a cikinsa. Hasumiyoyin Sulaimaniyya huɗu ne, dogaye biyu masu baranda uku-uku a inda haraba ta haɗu da ginin, gajeru biyu masu baranda bibbiyu a ƙarshen harabar. Baranda goma ke nan, a ƙirga su kafin a sa alƙalami, don tawadar nan ba ta gogewa.

Ana farawa da fensir ne, a ja layi siriri daidai tsayin idon mai zane. Daga nan a miƙe hannu sosai, a auna faɗin babbar ƙubba da tsinin fensir da babban yatsa, wannan awon shi za a riƙa gwada komai da shi: faɗin ginin ƙubba nawa ne, tsayin hasumiya ƙubba nawa ne. Gwiwar hannu in ta lanƙwashe ko kaɗan awon ya tashi daga aiki. Ɓarnar da aka fi yi ita ce a zana ƙubbar kamar ƙwaryar da aka kife a ƙasa, gindinta miƙaƙƙen layi. Ƙubbar tana sama da ido, saboda haka zoben tagogin da ke gindinta yana lanƙwasawa sama a tsakiya, barandar hasumiya ma haka, kuma gwargwadon nisanta sama gwargwadon ƙaruwar lanƙwasar. Wanda ya zauna cikin harabar dab da ginin zai ga hasumiyoyin suna karkata zuwa ga juna can sama. A zana su yadda ido ya gan su, in aka miƙe su tsaye ginin zai fito kamar an hango shi daga nesa alhali ƙofarsa na gabanka. Ta bayan masallacin akwai fili mai kallon Halich, inda ƙananan ƙubbobin makarantu da bututun hayaƙinsu suka gangara mataki-mataki, hasumiyar Galata ta 1348 tana tsallake. Wurin nan ya fi ko'ina dacewa da shafi biyu a buɗe.

Aya Sofiya, tsohuwar majami'ar da ta koma masallaci, wani lissafi ne daban. An kammala ta a 537, ƙubbar farko ta rushe a 558 aka sake ta, daga baya aka yi ta jingina mata manyan katangun tallafi, har ginin ya zama tarin kusurwoyi masu jefa inuwa a kan juna. Hasumiyoyinta huɗu ba su yi kama da juna duka ba, ɗaya ma ta jan bulo ce. Ruwan ƙasan nan da ɗan ɗigon ja mai duhu, a tsinka sosai, yana ba da launin bangonta. A nan inuwa ake fara shafawa kafin a shiga ƙananan abubuwa, in ba haka ba zanen ya zama layuka birjik marasa nauyi.

Takardar littafin ce ta fi ba ni takaici. Ta ɓawon itace ce, ba ta auduga ba, kuma giram 200 bai isa ya riƙe shafin sama mai faɗi ba. Da ta sha ruwa sai ta yi tudu da kwari, fentin ya gangara ya taru a kwarin, ya bushe da baƙin baki a kewaye. Irin wannan takarda ba ta shanye kala, a samanta take zama, don haka shafi na biyu kan tayar da na farko ya bar tabo. Abin ya fi muni ranar da iskar da mutanen garin ke kira lodos ta taso daga kudu maso yamma, mai ɗumi da laima. Shafin da ya kamata ya bushe nan da nan sai ya ɗauki lokaci yana sheƙi, mai zane ya ƙagu ya sa burushi, aikin ya lalace. Ranar iskar poyraz, mai sanyi daga arewa maso gabas, bushewa ba ta da wahala, sai dai ta yi ta ɗaga shafi. Maƙalan ƙarfe biyu a gefen littafi suna maganin wannan, suna kuma rage kumburin takarda. A gwada bushewa da bayan yatsa: in takardar na da sanyi, da sauran ruwa a cikinta, ko da ido ya ga ta bushe. Maganin gaskiya dai shi ne a sayi littafi mai takardar auduga zalla, giram 300, a bar wannan na cikin jakar don fensir da alƙalami, inda ba shi da laifi ko kaɗan.

Burushi mai tanki a kan jirgin fito yake nuna amfaninsa. Daga Eminonu a ɓangaren Turai zuwa Kadikoy a ɓangaren Asiya tafiyar minti ashirin da 'yan kai ce, ana biya da katin Istanbulkart, kuma cikin wannan ɗan lokacin fadar Topkapi da Aya Sofiya da Sultan Ahmed suna jeruwa su sauya matsayi, daga ɗaya gefen ga Hasumiyar Budurwa a tsakiyar ruwa, can gaba ga tashar jirgin ƙasa ta Haidarpasha. Babu wurin ajiye kofin ruwa, jirgi na rawa, iska na kaɗawa. A raba shafi gida huɗu, kowane gida kamar santimita 5 a tsaye, a shafa sifar gari da toka guda ba tare da layi ba, a wuce gida na gaba. Ban ga abin da ke koya wa ido gane sifar birni da sauri kamar wannan ba. Amma ga zanen zaune burushin ba ya wadatarwa. Ruwa na ta tsattsafowa daga tankin, kalar da ka haɗa da kauri kan koma fari-fari kafin ka kai ƙarshen layi, kuma in aka matsa tankin aka saki alhali bakin na cikin fenti, sai ya zuƙe kala ciki ya gurɓata ruwan duka. A haɗa shi da burushi na gaske mai zagayen baki, lamba 8 ko 10, da ƙaramar kwalba mai murfi, da tsumma.

Mutane kuwa, a fara da masunta na saman gadar Galata. Gadar mai hawa biyu ce, ta yanzu an gama ta a 1994, gidajen abinci a ƙasa, masu ƙugiya a sama, kuma sukan daɗe a tsaye ba su motsa ba. Dubi yadda mutum ke jingina ciki da ƙarfen gada, ƙafa ɗaya a kan sandar ƙasa, bokitin ƙananan kifi a gefensa, sandunan kamun kifi sun jeru suna yanka sararin sama a karkace. Alƙalamin 0.3 yana jan waɗannan layukan siriri ba ya yankewa. In kana tsaye a wuri mai shimfiɗa, kawunan manya na kusa da na nesa duk a kan layin idonka suke faɗawa, ƙafafu ne ke hawa sama gwargwadon nisa. Wanda ya riƙe wannan zai cika titi da jama'a ba tare da wani ya fito ƙato wani wada ba. A unguwar Tahtakale, inda 'yan dako ke sunkuye ƙarƙashin kaya a baya, masu shayi na ratsa taro da faranti mai rataye, babu mai tsaya maka. Ka ɗauki kafaɗa daga wannan, ƙafa daga wancan. Jan taragon titin Istiklal yana kai da komo tsakanin Taksim da Tunel, sai a zana gine-ginen a bar masa gurbi, ya dawo a cike. Wanda za a zana fuskarsa daga kusa a nemi izininsa, musamman mata, nuna littafin da murmushi ya wadatar.

Tawadar na son a ba ta minti ɗaya ko biyu kafin a bi ta da ruwa, kuma kada a ɗora bakin alƙalamin a kan danshin takarda, yana toshewa ya daina zuba.

Masallacin Rustem Pasha, wanda shi ma aikin Sinan ne, yana saman shaguna kusa da Kasuwar Masar, ana hawa ta wani matsattsen bene da mutum zai iya wucewa bai lura ba. Bangonsa lulluɓe yake da tayil ɗin garin Iznik, shuɗi mai duhu da shuɗi mai kore-kore da wani ja da ya ɗan taso sama da fuskar tayil ɗin. A ciki fensir kawai ya dace, ba a buɗe ruwa ko fenti a kan kafet ɗin da ake salla, in lokacin salla ya yi kuma a rufe littafi. A zana kwata ɗaya na adon da kyau, a rubuta sunan kowace kala a gefe, a fito waje a shafa. Shuɗi mai kore-koren yana fitowa daga PB15 da ɗan PG7, amma su biyun suna rina takarda, in sun zauna ba sa ɗaguwa, don haka a fara da ruwa-ruwa. Jan kuma sai an karya shi da ruwan ƙasa, in ba haka ba ya yi ƙyalli fiye da na bangon.

Kafin shiga jirgin sama a zubar da ruwan tankin burushi, domin sauyin matsin iska na tura shi waje ya jiƙa littafi. Busassun kalolin ba sa cikin dokar ruwa ta mililita 100, bututun fenti kuwa yana ciki, wuƙar fiƙe fensir kuma sai a babbar jaka. Kowane dare a goge murfin da ake haɗa kala a kai, a bar akwatin a buɗe har safe, don fentin da aka rufe da danshi a gari mai laima irin wannan yana iya yin fumfuna.