Zagayen ƙofofin Bauchi da ɗan rakiya: ya cancanci kuɗinsa?

Akwai samari a Bauchi da ke ɗaukar baƙi a keke napep su zaga da su ƙofofin gari, suna ba su tarihin Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wanda ya karɓo tuta, ya yi yaƙe-yaƙe, ya kafa birnin a 1809, ya mulke shi har rasuwarsa a 1845. Hidimar tana da amfani, amma ingancinta ya dogara kacokan ga bakin wanda ya ɗauke ka.

Ƙofofin tara ne: Ran, Wunti, Nasarawa, Wase, Inkil, Tirwun, Jahun, Dumi da Wambai. A ware awa uku, a fita da hantsi, a yi ciniki na zagaye gaba ɗaya kafin a hau. In aka bari sai kowace ƙofa, kuɗin jira zai ninka lissafin. Gara a fara da Ƙofar Inkil, domin daga Inkil Yakubu ya taso ya zo nan, sai a ƙare a fada. A can a gaida dogarai, a nemi izini kafin ɗaukar hoto. Ranar Juma'a kuwa a haƙura, cunkoson masallaci ba ya barin keke ya matsa.

Mai zuwa ganin ganuwa ya rage buri. Yawancinta ruwan sama ya cinye, gidaje sun hau gurbinta, ƙofofin da ke tsaye kuma ginin siminti ne na baya-bayan nan. Ɗan rakiya na ƙwarai zai faɗi haka, ya nuna guntun tudun ƙasar da ya saura.

Babban aibin shi ne cakuɗa tarihi. Wasu na haɗa Malam Yakubu da sarakunan da suka zo bayansa masu suna Yakubu, wasu su ce Bafulatani ne, alhali Bagere ne, wato ɗan ƙabilar Gerawa. Tun a tasha a gwada mutum da tambaya biyu: wa Yakubu ya kara da shi a 1827, kuma wa ya gaje shi? In ya ce da Shehu Laminu na Borno ya kara, kuma Ibrahim ɗan Yakubu ne ya gaje shi, a hau. In ya fara kame-kame yana karkata hira zuwa kabarin Tafawa Ɓalewa, direba ne kawai, a biya shi kuɗin direba.