Shagon da ya san bambancin ƙwallon hannu da ƙwallon raga

Shaguna uku na shiga a Kano ina neman ƙwallon hannu, duka ukun ƙwallon raga suka miƙo mini. Wani yaron shago har da rantsuwa, wai ai duk ɗaya ne tunda da hannu ake bugawa. Ni malamin motsa jiki ne a wata sakandaren maza, yarana 'yan shekara 13 zuwa 15, kuma ƙwallo ɗaya tak ta rage mana, ita ma fatarta ta saɓule, sai mun hura ta sau biyu kafin a tashi daga atisaye.

Wani abokina da muka yi wasa tare tun muna samari ne ya ce in je Ƙofar Mata, kusa da filin wasa na Sani Abacha, in nemi wani ɗan ƙaramin shago. Daga waje rigunan ƙwallon ƙafa kawai za ka gani a rataye, ba abin da zai nuna maka akwai kayanmu a ciki. Mai shagon dattijo ne mai furfura. Ina faɗin abin da ya kawo ni, bai ko motsa daga kan bencinsa ba, ya ce, "Malam, yaran naka shekarunsu nawa? Kuma a kan me kuke wasa, katako ko siminti?"

Nan na san na zo gida.

Ya jawo buhu daga ƙarƙashin kanta, ya fito da ƙwallo biyu ƙirar Molten. Mai lamba 3 ta manyan maza ce, kewayenta santimita 58 zuwa 60, nauyinta giram 425 zuwa 475. Mai lamba 2, wadda mata da samari ke amfani da ita, santimita 54 zuwa 56 ce. Na ce, "Baba, ba ni babbar, su saba tun yanzu." Ya girgiza kai. Ya ɗora mini ita a hannu, ya ce in damƙe da yatsu, in kifa tafina ƙasa. Na riƙe, amma da ƙyar. Ya ce, "To kai ke nan. Yaron da hannunsa bai kai naka ba, tura ta zai riƙa yi maimakon jifa, kuma kafaɗarsa ce za ta biya." Gaskiyarsa. A wasan da ba ka da damar riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 3 ko taku 3, in ba ta zauna a hannu ba, an gama da kai.

Ya kuma hana ni sayen mai tsadar da na ƙyalla ido a kai. Wannan, in ji shi, ta cikin ɗakin wasa ce, da danƙo ake riƙe ta, a filinmu kuwa danƙon ƙura zai kwasa, simintin ya cinye fatar. Ya zaɓo mini mai kaurin jiki, ya hura ta a gabana, ya danna da babban yatsa ya nuna mini iya inda ya kamata ta lotsa. Ɗan kasuwar da zai sauko da kai daga mai tsada zuwa mai sauƙi ba kullum ake samunsa ba.

A bangon shagon akwai hoton 'yan ƙwallon hannu na Kano Pillars, ya ɗan koɗe. Kowa a garin nan ya san Sai Masu Gida na ƙwallon ƙafa da kofunansu na 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Amma mutum nawa suka san cewa 'yan ƙwallon hannunmu sun ɗauki kofin gasar firimiya ta ƙasa a 2021, suka sake riƙe shi a 2022, a gasar da ke da ƙungiyoyi masu zafi irin su Niger United da Safety Shooters? Mun fi rabin awa muna wannan hira. Abin yana ci mini rai matuƙa: garin da ya fitar da zakarun ƙasa, amma sai malami ya zaga shaguna huɗu kafin ya samo wa yara ƙwallo.

Shagon yana da nasa aibun. Shida nake so, huɗu na samu. Ragar gola mai faɗin mita 3 da tsayin mita 2 babu, ya ce in ba shi mako biyu, sai da na yi wata guda ina sintiri kafin ta iso. Farashi kuma ba ya karɓar tayi, abin da ya faɗa shi ke nan, kuma kowace ɗaya ta kusa ninka kuɗin ƙwallon raga sau biyu.

Yau wata huɗu ke nan muna dukan ƙwallayen a siminti, sau uku a mako, har da lokacin hunturu da ƙura ke sa su santsi, muna goge su da jiƙaƙƙen tsumma kamar yadda ya koya mini. Ba wadda ta fashe, ɗaya ce kawai rubutun jikinta ya goge. Ƙaramin cikin yarana, wanda da ƙwallo ke suɓuce masa, shi ke buga mana fanaretin mita 7 yanzu. Na riga na bar wa Baba kafin alƙalami na guda biyu masu lamba 1, saboda 'yan aji ɗaya da za su fara a zango mai zuwa.